Me ke sa ɗan wasan baya na Wales ya yi ta yawon ƙungiyoyi har ya rataye takalmi?

Ɗan Kallo:

Assalamu alaikum masana tamaula. Akwai abin da ke ɗaure mini kai game da masu tsaron baya 'yan Wales. Ku ɗauki Sam Ricketts: Oxford United, Telford United, Swansea, Hull, Bolton, Wolves, Swindon, Coventry. Ƙungiya takwas ke nan, ban da aron da aka ba da shi Nuneaton yana matashi. Amma mutumin nan ya buga wa Wales wasa 52, kuma ya taka leda a Firimiya da ƙungiya biyu. Haka Rob Page, haka Craig Morgan, kowannensu ya zaga. To in ɗan wasa ya iya, me ya hana ƙungiya ɗaya ta riƙe shi? In kuma bai iya ba, me ya sa duk inda ya bari sai wata ta buɗe masa ƙofa, har ma a ba shi kyaftin? Sannan me ya sa kusan dukkansu a Ingila suke yawon, alhali Wales tana da gasarta? Ina son bayani filla-filla: yadda ake rubuta kwantiraginsu, abin da koci ke nema a jikin irin wannan ɗan wasa, da inda abin yake lalacewa.

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kallo. Amsar tambayarka tana cikin takarda tun kafin a shiga fili.

A ƙasan Firimiya akwai rukuni uku, Championship, League One da League Two, kowanne da ƙungiya 24 da wasa 46 a kaka, sai National League a ƙarƙashinsu. A rukunan nan, musamman biyun ƙasa, da wuya a ba ɗan baya kwantiragin da ya wuce shekara biyu. In ya haura shekara 30 kuwa, shekara ɗaya ce, wani lokaci da zaɓin ƙarin shekara da ke hannun ƙungiya. Dalilin kasuwa ne tsantsa. Ɗan gaba mai shekara 22 da yake zura ƙwallo kadara ne, dole a ɗaure shi da dogon kwantiragi don a sayar da shi da tsada. Ɗan baya mai shekara 28 ba wanda zai zuba kuɗi masu yawa a kansa, saboda haka ƙungiya ba ta ga dalilin ɗaura wa kanta albashinsa na shekara huɗu ba. Yanzu yi lissafin da kanka. Mutum ya fara yana da shekara 18, ya gama yana da 35, shekara 17 ke nan. In kwantiraginsa shekara biyu-biyu ne, sau takwas ko tara zai zauna a teburin sabuntawa. Ko da rabin zaman ne kawai bai haifar da ɗa mai ido ba, ya zaga ƙungiya huɗu ko biyar ba tare da ya yi wani laifi ba.

Kwantiragi yana ƙarewa ne ranar 30 ga Yuni, amma tun a watan Mayu, da an busa wasan ƙarshe, kowace ƙungiya take fitar da sunayen waɗanda ta riƙe da waɗanda ta sallama. Wanda aka sallama yana da Yuni da Yuli ya samo wuri, domin a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli ake komawa atisayen share fage. Wanda ya rasa waɗannan makonni shida na atisaye ya shiga uku, saboda ko ya samu ƙungiya a Satumba, jikinsa yana bayan na sauran, kuma a irin wannan lokacin ne tsokar bayan cinya take tsinkewa. Shi ya sa za ka ga tsohon ɗan baya ya yarda ya je gwaji, ya buga wasan sada zumunta ba tare da an rubuta sunansa ba. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PFA ma ta fara buɗe sansanin atisaye ga marasa kwantiragi tun 2024 saboda wannan matsalar.

Abin da ke cikin takardar kuwa, akwai albashin mako, akwai kuɗin da ake ƙarawa a kan kowane wasan da ya buga, akwai ladan hana ƙwallo shiga raga, akwai ƙari in an hau rukunin sama, akwai kuma ragi in an faɗa. Sharaɗin da ya fi cutar da tsofaffin 'yan baya shi ne wanda ke cewa in ya fara wasa kaza, a ce 25, shekara ta biyu ta tabbata kai tsaye. Ƙungiyar da kuɗi suka yi mata ƙaranci tana iya ajiye shi a benci yana kan wasa na 24, ba don ƙafarsa ta mutu ba. Kada ka manta a League One an yi shekaru ana taƙaita albashin 'yan wasa a kashi 60 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙungiya, League Two kuma ƙasa da haka. Da ƙungiya ta faɗo, kuɗin shiga ya ragu, sai rufin ya sauko, kuma wanda ake fara kallo shi ne mai albashi mai nauyi da ba za a iya sayarwa ba.

Mu bi Ricketts ɗin da ka kawo, za ka ga kowace tafiya da dalilinta daban. Oxford ta sallame shi a 2003, ya sauka zuwa Telford United a wajen rukunan ƙwararru. Telford ta durƙushe saboda bashi a 2004, wannan ba laifinsa ba ne. Koci Kenny Jackett ya ɗauke shi zuwa Swansea, suka haura daga League Two a 2005, suka kai wasan ƙarshe na cike gurbi a 2006, Barnsley ta doke su a bugun fenariti. Hull ta saye shi fam 300,000, wannan hawa ne, ba kora ba. Da Hull ya shiga Firimiya a 2008 bayan sun ci Bristol City ɗaya da nema a Wembley. Bolton ta ɗauke shi a 2009, agararsa ta tsinke a 2011, Bolton ta faɗo a 2012. A 2013 Wolves tana League One, wa ke horar da ita? Jackett ɗin nan dai. Ya kira mutuminsa, ya ba shi kyaftin, suka lashe rukunin da maki 103 a 2014. Da aka hau Championship sai wuri ya yi masa wuya, aka ba da shi aro Swindon, daga nan Coventry, inda gwiwa ta tsayar da shi a 2016. Ka ga sallama ɗaya, durƙushewar ƙungiya ɗaya, ciniki biyu na ci gaba, kiran tsohon koci ɗaya, sai tsufa da rauni. A cikin duka ba inda za ka ce rashin iyawa ne zalla.

Batun koci kuwa ya fi ƙarfin a ce sa'a ce. Craig Morgan ya haura rukuni sau biyu a jere da Peterborough a 2008 da 2009 a hannun Darren Ferguson. Da Ferguson ya koma Preston ya saye shi a 2010, amma kafin shekarar ta ƙare an kori Ferguson, Morgan ya rage a hannun wanda bai zaɓe shi ba. Rob Page shi ne kyaftin ɗin Watford da ta ci Bolton biyu da nema a 1999 ta shiga Firimiya a hannun Graham Taylor. Taylor ya tafi a 2001, Gianluca Vialli ya zo da nasa tunanin, Page ya tsinci kansa a Sheffield United. Wanda ya kawo ka shi ne inuwarka, ranar da ya tashi rana ta same ka.

Tsohon Lamba Biyar:

Malam Mai Lissafi ya gama da takarda, amma ni ina ganin ya ɗan rage wa fili haƙƙinsa. Akwai 'yan baya da yawa da aka sallama a Mayu ɗaya da Ricketts ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin tambaya shi ne me ya sa wayar wasu take ƙara a Yuni, ta wasu kuma shiru.

Abu na farko da koci ke dubawa shi ne wasa nawa mutum ya buga a kaka uku da suka wuce. Ba kyan wasa ba, adadi. Kakar League One Asabar ce da Talata, Asabar da Talata, ga kofin FA, ga kofin League, ga kofin ƙananan rukunai, ga cunkoson Kirsimeti inda ake iya buga wasa huɗu cikin kwana goma sha biyu a kan fili mai laka. Ɗan bayan da ke ba ka wasa 40 a matsakaicin mataki ya fi wanda ke ba ka wasa 18 na burgewa, domin layin baya ba ya son canji. Duk lokacin da aka sauya mutum ɗaya cikin biyun tsakiya, sai an sake koyon wa zai tashi wa ƙwallon sama, wa zai koma baya ya rufe, wa ke kiran layi ya fito don a kama ɗan gaba a satar gida. Yawancin ƙwallayen da sabon ɗan baya ke jawowa a wasanninsa biyar na farko daga nan suke fitowa: shi ya taka gaba, abokinsa ya tsaya, rata ta buɗe a tsakani.

Na biyu, gurbi nawa zai iya rufewa. Ricketts ya buga lamba biyu, wato bayan dama, ya buga lamba uku, wato bayan hagu, ya buga tsakiyar baya. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin ajiye mutum biyu a kowane gurbi tana ganin irinsa kamar ta sayi mutum uku da albashin ɗaya. Sai dai wannan baiwar tana da kaifi biyu, domin wanda ya iya ko'ina shi ake fara matsarwa in an sayo gwanin gurbi guda. Ɗan baya mai ƙafar hagu kuma yana da nasa farashin daban, saboda ba su da yawa, kuma mai dama da aka ajiye a hagu sai ya juya jikinsa kafin ya ba da ƙwallo, wannan rabin daƙiƙar ta isa ɗan gaba ya rufe shi.

Na uku, ƙwallon da aka ajiye. A League One da League Two kaso mai yawa na ƙwallaye daga bugun kusurwa, bugun tazara da dogon jifa suke zuwa. Ana son mutumin da zai ci karon farko da ka, kuma ya san inda zai aika ƙwallon: sama, nesa, gefe. Wanda ya mayar da ita tsakiya, bakin da'irar gidan gola, ya ba abokan hamayya bugu na biyu kyauta. Matsalar mai yawo ita ce kowace ƙungiya da tsarinta. Can ya saba da kowa ya riƙe mutuminsa, nan kuma kowa yankinsa yake tsarewa. Mako biyu na atisaye ba sa goge abin da jiki ya saba da shi shekara uku, sai ka ga ya bi mutum ya bar yankinsa a buɗe.

Inda abin yake lalacewa ga tsofaffi shi ne juyi. Gudu a miƙe ba ya saurin tafiya, abin da ke fara mutuwa bayan shekara 30 shi ne juyowa da taku biyar na farko. In koci yana tsare gida a ƙasa, kusa da gidan gola, tsohon ɗan baya zai yi shekara uku yana haskawa, domin komai a gabansa yake faruwa. In aka kawo kocin da ke son layi ya hau har tsakiyar fili, da fili mai faɗi a bayansa, cikin wata guda za a ce ya ƙare. Mutum ɗaya ne, tsari ne ya canja. Dabarar da gogaggu ke yi ita ce tsayuwa a karkace, kafaɗa ɗaya tana kallon gida, su fara ja da baya da zarar sun ga mai ƙwallo ya ɗaga kai ba wanda ya matsa masa. Wanda ya tsaya ƙafa a jere, ƙirji a gaba, sai dai ya kamo riga.

Doka ma ta canja musu sana'a. Tun 1992 gola ba ya kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa. Tun 2019 kuma ana iya karɓar bugun gola a cikin gida, wanda ya sa yanzu har a League Two ana son ɗan baya ya karɓi ƙwallo ɗan gaba na kansa ya fitar da ita a ƙasa. Wanda ya taso yana dokawa gaba kawai ya ga kasuwarsa ta ragu. Ga kuma kati: katin gargaɗi biyar kafin wasa na 19 dakatarwar wasa ɗaya ce, goma kuma wasa biyu, jan kati na mugun keta wasa uku. Wasa ukun nan sun isa yaro ɗan aro ya shiga gurbinka ya ƙi fita.

Baban Doka:

Gyara kaɗan ga Malam Mai Lissafi, don kada mai tambaya ya ɗauka duk wanda kwantiraginsa ya ƙare kyauta yake tafiya. Hukuncin Bosman da kotun Turai ta yanke a 1995 ne ya buɗe wannan ƙofar, amma a Ingila in ɗan wasa bai kai shekara 24 ba, kuma ƙungiyarsa ta yi masa tayin da bai gaza na da ba, duk wadda ta ɗauke shi sai ta biya diyyar raino. In ba su daidaita ba kwamiti ya yanke. Wannan yana tsare matashi wuri guda, shi ya sa yawon gaske yakan fara ne bayan shekara 24.

Aro kuma ya canja. Da akwai aron gaggawa na kwana 28 zuwa 93 da ake yi ko kasuwar musayar 'yan wasa a rufe take, kuma da shi 'yan baya da yawa suka tara sunayen ƙungiyoyi a tarihinsu, wata guda nan, wata biyu can. An soke shi a 2016. Yanzu aro daga kasuwa zuwa kasuwa ne, rabin kaka ko cikakkiya. Ƙungiya ba ta sa 'yan aro fiye da biyar cikin jerin ranar wasa, kuma a dokar FIFA ɗan wasa yana iya rajista da ƙungiya uku a kaka amma biyu kaɗai zai buga wa. Kuskuren da ake yi shi ne a sa yaro ya buga minti goma a kofi a Agusta, a ba da shi aro, aron ya ƙi, a dawo da shi a Janairu, sai a tarar ba shi da damar zuwa ta uku. Wanda ba shi da ƙungiya tun kafin kasuwa ta rufe shi ne kaɗai ke iya sa hannu bayan ta rufe. Saboda haka za ka ga ranar rufe kasuwa wasu suna amincewa a soke kwantiraginsu, don su zama 'yantattu kafin ƙofa ta rufe.

Ɗan Kallo:

Allah ya ƙara basira, na fahimci wannan ɓangaren sosai. Saura tambayata ta Wales. Me ya sa ba sa zama a gasar gida, kuma yaya mutum yana League One ko ƙasa da haka ake kiransa tawagar ƙasa? Na kuma ji an ce wasunsu ma ba a Wales aka haife su ba.

Na Bakin Layi:

Ɗan'uwa, Wales tana da hukumar ƙwallonta tun 1876, ita ce ta uku mafi tsufa a duniya, amma ba ta kafa gasar ƙasa guda ba sai 1992. Kafin lokacin manyan ƙungiyoyinta sun daɗe da shiga tsarin Ingila, har Cardiff City ta ɗauki kofin FA a 1927. Yau Cardiff, Swansea, Wrexham da Newport County duk a rukunan Ingila suke, Merthyr Town ma tana can ƙasa a tsarin. Gasar gida, Cymru Premier, yawancin ƙungiyoyinta na wucin gadi ne, 'yan wasa suna da wani aikin da rana, su yi atisaye da yamma sau biyu ko uku a mako. The New Saints ce fitacciya mai cikakkun ƙwararru, ita ce ta fara kai gasar ga matakin rukuni na kofin Turai a 2024, kuma filinta ma a Oswestry yake, a ɓangaren Ingila na iyaka. Ka ga ke nan yaron da yake son ya ci abinci da ƙwallo kaɗai, ƙofofi huɗu ne a gida. In Cardiff ko Swansea ta sallame shi yana da shekara 18, bayan shekara biyu na horon matasa, abin da ya rage shi ne ya tsallaka. Wrexham ma ta yi shekara 15 a wajen rukunan ƙwararru, daga 2008 zuwa 2023, Newport kuma sai 2013 ta dawo, a lokacin ƙofofin ba su ma kai huɗu ba.

Tsallakawar ba ta da wahalar takarda. Shi ɗan Birtaniya ne, ba ya neman izinin aiki, kuma wanda ya yi kaka uku kafin shekara 21 a ƙungiyar da ke ƙarƙashin hukumar Ingila ko ta Wales ana ƙirga shi ɗan gida. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, ɗan Faransa ko Sifaniya sai ya cika sharuɗɗan maki kafin ya samu izini, wanda ya ƙara wa irin waɗannan 'yan gida daraja a ƙananan rukunai.

Maganar haihuwa gaskiya ce. Ana cancanta ta wurin haihuwa, ko iyaye, ko kakanni, kuma hukumomin Birtaniya huɗu sun ƙara sharaɗin shekara biyar na makaranta a ƙasar kafin shekara 18. Ricketts a Aylesbury aka haife shi, ta kakanni ya cancanta, kuma wasansa na farko shi ne na farkon koci John Toshack da ya dawo horar da Wales, da Hungary a Fabrairun 2005, yana ɗan League Two a lokacin. James Chester ɗan Warrington ne, ta mahaifiyarsa ya shigo. Ashley Williams a Wolverhampton aka haife shi, West Brom ta sallame shi yana yaro, ya buga wa Hednesford Town, ya je Stockport a 2003, Wales ta kira shi a 2008 kafin ya koma Swansea, ya ƙare da wasa 86 da kambun kyaftin. Ƙasa mai mutum miliyan uku da ɗoriya ba ta da zaɓin raina rukuni, dole ta bi bishiyar dangi.

Amma kiran ƙasa yana da cizo ga ɗan ƙaramin rukuni. Firimiya da Championship suna tsayawa a makon wasannin ƙasashe, League One da League Two ba sa tsayawa, sai in an kira wa ƙungiya mutum uku ne take iya neman a ɗage wasanta. In kai kaɗai aka kira, ka tafi kwana goma, wataƙila ma benci ka zauna, ka dawo ka tarar wanda ya shiga gurbinka ya hana ƙwallo shiga sau biyu. Koci ba zai taɓa layin da ke aiki ba.

Ribar kuwa ta fito a gasar Turai ta 2016. Kocin Wales Chris Coleman ya tsaya da mutum uku a tsakiyar baya, Chester, Williams da Ben Davies, sai Chris Gunter a dama da Neil Taylor a hagu. Da Belgium a Lille, Williams ne ya farke da ka, Gunter kuma ya ɗaga wa Sam Vokes ta uku, aka tashi uku da ɗaya. Da katin gargaɗi biyu suka hana Davies wasan kusa da na ƙarshe da Portugal, James Collins aka ɗauko daga benci, yana da shekara 32. Gunter ɗin nan da ya bi ta Cardiff, Tottenham, Nottingham Forest, Reading, Charlton da AFC Wimbledon shi ne namiji na farko da ya buga wa Wales wasa 100, a 2021, lokacin yana League One, ya ƙare da 109.

Mai Duba Gwiwa:

Bari in ƙara abin da ke yanke hukunci a ƙarshe, wato gwajin lafiya. Kafin a sa hannu ana ɗaukar hoton gwiwa da idon sawu, a auna ƙarfin cinya gaba da baya a kwatanta ƙafa biyu, a duba zuciya, a karanta tarihin jinya. Ɗan baya mai shekara 31 da wuya hotonsa ya fito fes. Abin da likita ke nema shi ne ko guringuntsin gwiwa ya cinye, domin jijiya ana ɗinkewa ko a musanya, mutum ya yi wata tara ya dawo, amma guringuntsi ba ya tsirowa. Alamarsa ita ce gwiwa ta tara ruwa bayan kowane wasa. Daga nan sai a koma lallaɓawa: ya buga Asabar, Lahadi da Litinin keke da ruwa kawai, atisaye na gaske sau biyu a mako. In rahoton ya nuna haka, ba lallai a fasa ɗaukarsa ba, sai dai tayin shekara biyu ya koma ɗaya, ko na wata shida, ko a rage albashin mako a ƙara kuɗin kowane wasa don haɗarin ya koma kansa. Haka Collins, bayan ya bar West Ham a 2018, sai a Janairun 2019 ya samu gajeren kwantiragi a Ipswich zuwa ƙarshen kaka. Danny Gabbidon, wanda Cardiff ta sayar tare da Collins ga West Ham a 2005, ya zama gwarzon ƙungiyar a 2006, sannan rauni ya ajiye shi sama da shekara guda, daga baya kwantiragin da ya riƙa samu a QPR, Crystal Palace da Cardiff duk gajeru ne.

Duba zuciya kuma ba al'ada ba ce kawai. Tom Lockyer, ɗan Cardiff da ya taso daga Bristol Rovers ya bi ta Charlton ya zama kyaftin ɗin Luton, ya faɗi a wasan ƙarshe na cike gurbi da Coventry a Mayun 2023, sannan zuciyarsa ta tsaya a filin Bournemouth a Disambar shekarar. Saurin ma'aikatan lafiya ne ya cece shi, aka dasa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya. Ka kuwa tuna tun 2021 aka ba ƙwararru shawarar kada su wuce buga ƙwallo mai ƙarfi da ka sau goma a mako a lokacin atisaye, kuma ba wanda wannan ta shafa kamar ɗan tsakiyar baya.

Wanda ya sauka National League ko ya koma Cymru Premier don ya ƙarasa sai ya tambayi irin filin tukuna. An hana filin roba a rukunai huɗu na sama, har Harrogate da Sutton sai da suka tone nasu da suka hau League Two, amma a ƙasa ya halatta kuma yana da yawa. Gwiwar da ke jure ciyawa ba lallai ta jure roba ba.

Mai hankali yana fara takardun horarwa tun yana wasa, daga lasisin C na UEFA zuwa B, zuwa A, sannan Pro, kuma kwasa-kwasan hukumar Wales a Dragon Park da ke Newport suna da suna, har Mikel Arteta da Thierry Henry a hannunta suka yi nasu. Ricketts ya karɓi Wrexham a 2018, ya koma Shrewsbury kafin shekarar ta fita. Page ya bi ta Port Vale da Northampton, ya riƙe 'yan ƙasa da shekara 21, ya karɓi babbar tawaga a 2020, ya kai Wales gasar cin kofin duniya ta 2022, karon farko tun 1958. Lasisin A yana cin watanni ana zuwa ana dawowa, kuma ana buƙatar ƙungiyar da mutum zai yi aikin gwaji da ita, don haka wanda ke da shekara 29 da kwantiragin shekara ɗaya ya nemi a ba shi 'yan ƙasa da shekara 15 na ƙungiyarsa da yamma tun kafin Mayu ta zo.